Ko Daidai Ne A Sake Launin Mutumin Cikin Labari?

Tun zamanin da a ke kawo majigi a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, mutanen ƙasar Ungogo su ke son kallo. Yanzu kuwa kallon ya shiga aljihu, gama da wuya a sami ƙauye, daga Panisau har Rangaza, inda babu gidan kallo ko saurayi mai waya a hannu. Da kallo ya yawaita sai gardama ta yawaita. Cikin gardandamin da masu kallo su ke yi a duniya yau akwai wata wadda ta cancanci mai hankali ya zauna ya auna ta. Ga ta: idan an ɗauki labarin da wani ya ƙaga ya rubuta a littafi, za a mai da shi silima, ko daidai ne a sake launin fatar mutumin cikin labarin? Watau wanda aka sani fari a ba baƙi ya fito a madadinsa, ko wanda aka sani baƙi a ba fari.

Abin da ya ta da ƙurar kwanan baya shi ne labarin wata 'yar ruwa. Wani mutumin ƙasar Danmak, wai shi Andersen, ya rubuta shi a 1837. 'Yar sarkin teku ce ta ga wani ɗan sarki na tudu, ta so shi, har ta ba da muryarta don ta sami ƙafafu. A 1989 kamfanin Disney na Amurka ya yi silimar labarin da zane, ya zana yarinyar fara, mai jan gashi, yara da yawa suka tashi da wannan sura a zukatansu. A 2023 kamfanin ya sake yin silimar da mutane na sosai, sai ya ba wata yarinya baƙar fata, Halle Bailey, ita ta fito a 'yar ruwan. Nan fa duniya ta rabu biyu. Waɗansu suka ce an ci amanar mai labari, an ƙwace wa mutane abin da suka gada. Waɗansu kuwa suka ce 'yar ruwa ba ta da ƙasa ba ta da dangi, kuma 'yan mata baƙaƙe sun daɗe suna kallo ba su ga mai kama da su ta zama 'yar sarki ba. Ko wane ɓangare yana da abin faɗi. Amma kafin Bahaushe ya yanke wa Turawa hukunci, ya kamata ya dubi taskarsa tukuna.

Wanda ya sami takardar Yaƙi da Jahilci da wuya a ce bai buɗe Magana Jari Ce ba. Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi a Zariya, littafi uku, aka fara bugawa a 1937. Masu bincike sun bi labarun ɗaya ɗaya, sun tarar da yawansu baƙi ne. Waɗansu daga Dare Dubu Da Ɗaya su ke, waɗansu daga tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun da ke tsare Musa da hira don kada ya fita, asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne. Labarin Kalala da Kalalatu, a wurin Jamusawa labarin wata kuku ce wadda ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da cewa maigida kunnuwansa zai yanke. Imam ya tuɓe wa mutanen nan tufafin ƙasarsu, ya sa musu riga da zane, ya raɗa musu sunaye, ya sa Hausa a bakinsu. Yau ba wanda ya ke karanta labarin ya ga Baturiya a zuciyarsa.

Haka Malam Ahmadu Ingawa ya yi da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda aka buga a 1951. Iliya jarumi ne na tsofaffin waƙoƙin mutanen Rasha, wanda ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya, sa'an nan ya warke ya zama barden sarki. Birnin Kib na cikin littafin shi ne Kiyef, Sarki Waldima kuwa shi ne Biladimiya. Amma Iliya ya zauna a ƙasar Hausa har dokinsa Ƙwalele ya shiga bakin mutane, yara suna kiran sunansa ba su san daga ƙasar ƙanƙara ya zo ba. Wannan ba a kan Hausawa aka fara ba. Labarun Kalila da Dimna daga Indiya suka tashi, suka bi ta Farisa, kafin Ibnul Muƙaffa ya juya su da Larabci fiye da shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce.

Manomin Ungogo ya san irin wannan a gonarsa. Gyaɗa da rogo da masara duk daga ƙasashen Amurka aka kawo irinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar nan ta zama arzikin ƙasa, har aka riƙa tara ta dala dala, kuma ba wanda zai ce wa mai ƙuliƙuli kayan baƙi ta ke sayarwa. Labari ma iri ne, yana tafiya, in ya sami ƙasar da ta karɓe shi sai ya tsiro da kamannin mutanenta. Saboda haka Bahaushen da ya ji daɗin Kalala da Iliya ba shi da bakin cewa sake launin mutumin labari laifi ne a ko da yaushe. Da laifi ne, da rabin abin da ya koyi karatu da shi ya zama kayan sata.

To, amma manomin ya san wani abu kuma. Ba ko wane iri ne ke yarda da ko wace ƙasa ba. Goro ɗan kurmi ne, in an shuka shi a jigawar Ungogo ba za a ci 'ya'yansa ba. Akwai labarun da su ke haka, kuma misali mafi kusa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu ya mai da shi silima a 1976. Umar yaro ne ɗan Kagara, aka sace shi, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta. Abin da ke riƙe da labarin nan duka shi ne cinikin bayi, da yadda a ke kwasar mutanen ƙasar Sudan a kai su arewa. Idan wani mai silima ya ce zai ba Balarabe fari ya fito a Umar, ya ba Bahaushe ya fito a Abdulkarim, to, ya rushe labarin. Mai kallo ba zai gane wa ke saye, wa a ke sayarwa ba, kuma baƙin cikin uwar nan a cikin mutanen da ba nata ba zai zama ba shi da tushe.

Turawa ma suna da irinsa. Shekspiya, babban marubucin Ingila, ya rubuta wasan Otelo wajen 1603. Otelo baƙon mutum ne daga Afirka, ya zama sarkin yaƙin birnin Benis na ƙasar Italiya, ya auri 'yar wani babban mutum. Uban yarinyar ya ƙi auren, maƙiyinsa kuma ya yi ta zuga shi da cewa mace irin wannan ba za ta daɗe tana son mutum irinsa ba, har kishi ya sa ya kashe ta. In an mai da Otelo ɗan gari kamar kowa, zugar ba ta da ƙofar shiga.

Daga nan ma'auni na farko ya fito. A cikin wani labarin launi riga ne, a cikin wani kuwa ƙashi ne. Riga a kan tuɓe ta a sa wata, mutum yana nan yadda ya ke. Ƙashi kuwa in an zare shi sai mutum ya faɗi. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Mutum ya ɗauki labarin ya ba da shi daga farko har ƙarshe, ya sake launin, ya gani ko akwai abin da ya daina yin ma'ana. Andersen ya siffanta 'yar ruwansa da shuɗin ido, gaskiya ne, amma ba abin da ya same ta saboda idon. Don murya da ƙafafu ta sha wahala, kuma baƙa da fara duk suna da su. Umar kuwa, ƙasarsa da jinsinsa su ne dalilin duk abin da ya same shi.

Sai dai akwai mai cewa, in haka ne, a auna wa kowa da mudu ɗaya. Don me a ke murna in baƙi ya karɓi gurbin fari, a ke kuka in fari ya karɓi gurbin baƙi? Wannan tambaya ce ta adalci, ba a kore ta da tsawa. Lalle mudun ɗaya ne. Da za a yi silimar wani labari na zamanin Turawa, a ba Bahaushe ya fito a Razdan ko Di'o, alhali labarin a kan mulkin baƙi ne bisa 'yan ƙasa, wannan ma rushe labari ne, daidai da na Umar. Amma mai hukunci ba ya duban abin da aka yi kaɗai, yana duban abin da ya gabata da kuma wanda ya cutu.

Abin da ya gabata kuwa sananne ne. Shekaru fiye da ɗari biyu Turawa ne su ke shafa baƙi a fuska su fito a Otelo. Da wani baƙar fata ɗan Amurka, Ira Aldridge, ya fito a Otelo a wani babban gidan wasa na Landan a 1833, jaridu suka yi masa ca, sau biyu kaɗai ya fito aka tsai da wasan. Har a 1965 Laurence Olivier ya shafa baƙi ya yi silimar Otelo. A Amurka kuwa an daɗe ana wani wasa inda farare ke shafa baƙin toka, su zana manyan leɓɓa, su kwaikwayi baƙaƙe a kan wawaye ne malalata, don jama'a su yi dariya. Ba Turawa kaɗai ba. Antar ɗan Shaddadu, jarumin Larabawa wanda uwarsa baiwa ce Bahabashiya, da aka yi silimarsa a Masar a 1961, Farid Shauƙi aka shafa wa baƙi ya fito. Watau ko gurbi kaɗan ɗin da marubuta suka bar wa baƙar fata, an hana shi shiga. Mai rumbu goma in an ɗebi dami ɗaya daga nasa, da mai dami ɗaya in an ɗauke shi, ko wanne dami ɗaya ya rasa, amma ba wanda zai ce hasararsu ɗaya ce. Ma'auni na biyu ke nan: a dubi niyyar mai sakewa, ko girmamawa ce ko ba'a, a kuma dubi wanda aka rufe wa ƙofa.

Duk da haka bai kamata a raina ɓacin ran wanda aka sake wa abin da ya saba da shi ba, ko a ce duk mai ƙorafi ƙin baƙi ne ya ke yi. Waɗansu ƙin ne, waɗansu kuwa ƙaunar abin ƙuruciyarsu ce. Hausawa sun ɗanɗana wannan. A 2021 aka fito da silimar Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda Izu Ojukwu ya shirya, da Turanci aka yi yawancin maganar ciki, mutanen Arewa da dama suka ce ba su ga Aminarsu ba. Wanda ya ji zafin nan ya kamata ya gane abin da mutumin Danmak zai ji. Abin da ke rage zafin shi ne gaskiya. Mai aron labari ya faɗi inda ya aro, kada ya ce nasa ne, kada kuma ya hana na asalin zama. Littafin Andersen yana nan, silimar 1989 tana nan, ba wanda ya ƙone su.

Yanzu sai a dawo gida, gama a nan ne abin ya fi shafar mutumin Ungogo. Tun wajen 1950 da 'yan kai silimun Indiya suka fara shiga gidajen silima na Kano, mutane suka so su ƙwarai. Da samarin Kano suka fara yin nasu finafinan, daga Turmin Danya a 1990, da yawa suka riƙa ɗauko labarun Indiya suna mai da su Hausa. A nan bin sawun Imam suka yi, ba laifi. Amma akwai wani abu da ya biyo labarun a ɓoye. An sake suna, an sake harshe, an sake tufafi, sai aka bar ma'aunin kyau na can. A littattafan soyayya da finafinai da yawa, yarinyar da ɗan mai kuɗi zai mutu a kanta fara ce, mai dogon hanci da gashi har baya. Baƙa kuwa sau da yawa a kan ajiye ta a 'yar aiki, ko 'yar ƙauyen da za a yi wa dariya. Ko labarin bai ambaci launi ba, in an zo zaɓen 'yan wasa sai a nemi mai haske.

Wannan ma sake launi ne, kuma ya fi na Disney haɗari, domin ba a gardama a kansa, shiru a ke yinsa. Yarinyar da ke tallan ƙuliƙuli a Ungogo, baƙa kyakkyawa kamar uwarta da kakarta, in ta yi shekara goma tana kallo ba ta taɓa ganin an so mai irin fatarta ba, ta koyi darasi ko da ba a faɗa mata da baki ba. Ƙarshen darasin shi ne man bilicin da a ke sayarwa a kasuwanni, wanda likitoci suka daɗe suna gargaɗi cewa waɗansunsa suna ɓata fata, suna taɓa ƙoda. Alhali ko yaron makarantar allo ya ji malamai suna karantar da cewa bambancin harsuna da launuka yana cikin ayoyin ikon Allah, kuma fari bai fi baƙi ba sai da tsoron Allah. Mutumin da ya ke fushi don an ba baƙa gurbin fara a Amurka, ko ya ke murna da haka, amma bai lura da abin da a ke yi a ƙofar gidansa ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma abu na ƙarshe da ya kamata masu murna su tuna. Zanen aro ba ya rufe katara. Ko an ba baƙar fata ko wane gurbi a labarun Turawa, labarun na Turawa ne, kuma masu kuɗin da suka bayar yau don sun ga riba za su iya hanawa gobe in ribar ta kau. Abin da ya fi ɗorewa shi ne mutane su yi silimar nasu. Ga Daurama da rijiyar Kusugu, ga Barbushe a kan Dala, ga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, ga Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, ga Gizo da Ƙoƙi waɗanda ko wace tsohuwa ta san su. Waɗannan ba sai an roƙi kowa gurbi a cikinsu ba. Abin da su ke bukata shi ne mai shiryawa mai amana, wanda zai zaɓi 'yan wasa masu kama da mutanen da suka haifi labarin, farinsu da baƙinsu da wankan tarwaɗarsu, yadda a ke ganinsu a kasuwa ranar cinta.

Saboda haka amsar tambayar nan ba i ba ce kai tsaye, ba kuma a'a ba ce. Duk wanda ya ga an sake launin mutumin labari, kafin ya yaba ko ya zarga, ya yi tambaya uku. Launin nan riga ne a labarin ko ƙashi? Wanda ya sake, girmamawa ya nufa ko ba'a, kuma wa ya rufe wa ƙofa? Ya faɗi gaskiyar inda ya samo labarin ko ya ɓoye? In launin riga ne, niyya ta yi kyau, an kuma faɗi asali, to, abin da Imam da Ingawa suka yi ke nan, an kuwa gode musu. In ɗayan ukun ya rasa, an ci amana, ko ta mai labari, ko ta mai kallo. Labari amana ne a hannun mai ba da shi, yaran da ke zaune gaban allon kallo kuwa amana ce wadda ta fi wannan nauyi. Allah Ya ba masu wannan sana'a ikon riƙe su duka biyu.